Ranar da Baffa bai soki buhu ba

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Baffa, yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina shekara shida bayan rasuwar ubana, ya riga mu tafiya. Ya cika da hantsi a zaurensa da ke Sara, zaune a kan buzunsa, bayan Inna matarsa ta kawo masa koko ya ce a ajiye sai ya huce.

Kafin azahar gida ya cika. Ina zaune a tsakar gida kusa da Inna ina karɓar gaisuwa, sai na lura “Allah ya jiƙansa” iri biyu ce ake kawo mana. Akwai wadda ake faɗa a yi shiru. Akwai kuma mai jela. Wata surukar gidanmu da ta zo daga Unguwar Ya ta zauna, ta gyara mayafi, ta yi ajiyar zuciya, ta ce, “Allah ya jiƙansa, Allah kuma ya yafe masa haƙƙin mutanen da ke wuyansa.”

Na ce, “Wane haƙƙi?”

Inna ta mintsine ni a cinya. “Ke, gidan makoki ne.”

“Na sani, Inna. Tambaya na yi. Gwaggo, wane haƙƙi?”

Matar ta duƙar da kai ta shiga jan carbi. Da yamma maigidana ya ba ni labarin abin da ya ji a wajen maza a ƙofar gida. Wani ya ce an yi mutumin kirki, sai dai ƙarshe ne bai zo da kyau ba. Wani ya ce ai shi da mutanen kamfanin nan tare suka ci, rabo ne ya haɗa su faɗa. Ba a ma dawo da makara daga maƙabarta ba suke wannan maganar.

Shi ya sa na ɗauki biro. Ni ba ’yar boko ba ce tun asali. Sai da na haifi biyar, na aurar da ɗaya, sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma har yau layina gangarawa yake yi in babu tsari a takarda. Amma duk abin da zan faɗa, ko ina wurin ko daga bakin wanda ke wurin na ji, kuma ba zan bari a binne Baffa da sunan ɓarawo ba.

Baffa dillalin hatsi ne a kasuwar Sara tun kafin a haife ni. Kayan aikinsa biyu ne: tiya, da wani siririn ƙarfe mai rami a tsakiya wanda ake soka buhu da shi a ga abin da ke ciki. Ƙarfen nan yana aljihunsa ko gidan biki zai je. Kowane buhu suka uku yake sha a hannunsa: baki, ciki, da gindi. Ya zuba ƙwayar a tafin hannu, ya hura, ya jefa ɗaya a baki ya gartsa. In mai kaya ya fara rantsuwa, sai Baffa ya ɗaga masa hannu ya ce, “Ajiye rantsuwarka, Alhaji, ba kai zan saya ba, buhun zan saya.” Ko ƙaninsa na ciki ɗaya ne ya kawo gero sai ya soka. Mahaifina ya taɓa yin fushi da shi wata guda a kan haka, in ji Inna.

Ba mutum ne mai fara’a ba, kada in yi masa ƙarya don ya mutu. Yana da faɗa, yana da ƙwauron yabo. Tuwo in ya yi daɗi ba zai ce ya yi daɗi ba, sai dai ya ce, “Yau an tuna da gishiri.” Amma in gwauruwa ta aiko da ’yan tiyoyinta a sayar mata, ba ya karɓar la’ada, kuma ba ya bari a sani. Sai bayan shekaru wata tsohuwa ta gaya mini cewa duk lokacin da aka dawo mata da kuɗin dawarta takan tarar sun fi abin da ake sayarwa a ranar.

Babban faɗana da shi na farko a kan makaranta ne. Da ya ji na shiga aji, ya aika aka kira ni.

“An ce kin koma ’yar firamare. Ke da jika?”

“Eh, Baffa.”

“Me kike so ki karanta wanda ba za a karanta miki ba?”

“Takardar asibiti. Na gaji da miƙa wa yara sirrin jikina su karanta mini.”

Ya kalle ni ya ce, “Bakinki dai na uwarki ne.” Bai ce ya yarda ba. Amma bayan shekara biyu duk takardar boko da ta shigo gidan, sai ya ce a ajiye wa Malama. Da gatse ya fara kira na haka, har gatsen ya gaji ya tafi sunan ya zauna. Shi ajami yake karantawa, kuma da kyau.

Sai kamfanin shinkafa ya zo. Ba zan kama sunansa ba, duk wanda ke tsakanin Gwaram da Birnin Kudu ya san wanda nake nufi. Sun gina injin casa da manyan sito guda uku a bakin titi. Suka nemi wanda zai riƙa saya musu shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, a hannun manoma, kowa ya ce Baffa. Suka ɗauke shi. Bayan shekara guda suka ce suna sayar da hannun jari, wai kowa ya sa abin da yake da shi ya zama mai kamfani, a riƙa raba riba duk shekara. Aka zo da motoci da lasifika. Mutanenmu ba su san kasuwar hannun jari ba, ba su san inda take ci ba. Tambaya ɗaya suke yi: “Baba dillali ya saya?” Ya saya kuwa. Shanun nomansa biyu ya sayar ya sa. Daga nan mata suka kwashe kuɗin adashe, aka sayar da awaki, aka karɓo takardu masu gefen zinare aka sa a ƙasan adaka. Ni ma na sa kuɗin tunkiyata. Shekarar farko aka raba ’yar riba, aka haɗa wa kowa da lema mai tambarin kamfani.

A ƙarshen shekara ta biyu aka ce masu binciken lissafi za su zo daga kudu su ƙirga kayan da ke sito, kuma ana son dattijo daga cikin gari ya zama shaida. Ana gobe za su zo, Manaja da kansa ya zo gida da babbar riga sabuwa dal, shadda mai aiki, da hula. Ya durƙusa a zaure ya ce, “Baba, kai ne uban kamfanin nan. Gobe baƙi za su zo, muna so su ga da wa muke tinƙaho.”

Washegari Baffa ya sa rigar. Inna ta ce ta ga ya ɗauki ƙarfen, ya juya shi a hannu, ya mayar kan taga. Ta tambaye shi, ya ce ai yau ba ciniki za a yi ba. A can aka kafa masa kujera mai hannu a inuwa, aka kawo lemo. Manaja yana nuna shi ga baƙi yana turanci, suna gyaɗa kai. Baƙin suka zaga tsibin buhuna, suka ƙirga tsawo, suka ƙirga faɗi, suka ƙirga bisa, suka buga a na’ura. Babu wanda ya hau. Baffa ya ce ya yunƙura zai tashi, Manaja ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Haba Baba, girmanka ya wuce hawa tsibi a gaban baƙi.” Aka kawo takardar turanci da tawada, ya dangwala yatsa.

Na tambaye shi daga baya, ba sau ɗaya ba, me ya sa bai soka ba. Amsarsa ba ta taɓa canjawa ba. “Mutum ya tufatar da kai, ya kira ka uba a gaban baƙinsa, sai ka zaro ƙarfe ka soki buhunsa? Kunya na ji, Malama.” Sun san da haka. Ba wai sa’a suka ci ba. Sun zauna sun yi tunanin abin da zai hana tsohon nan soka buhu, suka gano ba kuɗi ba ne, don da kuɗi suka kawo da ya kore su. Da tarbiyyarsa suka ɗaure shi. Wannan shi ne abin da ke hana ni sukuni har yau.

Bayan wata uku aka aiko wa kowa da littafin rahoton shekara, mai hoton shugaban kamfani yana murmushi a bango. A ƙarshensa akwai shafi biyu da Hausa. Baffa ya aika aka kira ni, na zauna a bakin zaure ina karanta masa a hankali. Da na zo wurin da aka faɗi yawan buhunan da ke sito, sai ya ce, “Tsaya. Maimaita.”

Na maimaita.

“Kin tabbata ba ki ƙara sifili ba? Ku sababbin karatu kuna yi.”

“Baffa, ga shi nan, da lamba da kuma kalmomi.”

Ya shiga lissafi da yatsunsa. Sannan ya ce, “Duk shansherar da ta shiga kamfanin nan ta hannuna ta bi. Damina uku da rani uku. Ko an haɗa da wadda aka casa aka sayar, ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na wannan ba.”

Washegari ina da ganin likita a babban asibitin Birnin Kudu saboda hawan jini, sai ya ce mu tafi tare. Tsohuwar taguwarsa ya sa, ƙarfen yana aljihu. Muka sauka a bakin sito. Maigadin tsohon soja ne, ya san Baffa, ya buɗe mana ba tambaya. Buhunan layin waje Baffa ya soka, shinkafa ce. Ya zura hannu ya soki na bayansu, ƙaiƙayi ya zubo. Ya ce a kawo tsani. Mutum ya haura saba’in, ni na riƙe masa tsanin ina roƙonsa ya sauko. Ya kai sama, ya leƙa, ya daɗe a haka. Sannan ya sauko.

“Me ka gani, Baffa?”

“Ɗaki. An gina ɗaki da buhuna, an yi masa rufi da katako. Ciki babu komai, ko ɓera ba zai tsaya ba.”

Maigadin ya matso ya rage murya ya ce buhunan gaskiyar ma ba na sito ɗaya ba ne. Ranar ƙirga, baƙi suna cin abincin rana a otal, motoci suka kwashe na sito na farko aka je aka jera a fuskar na uku.

Daga nan ofishin Manaja muka wuce. Ban je asibitin ba ranar. Manaja ya taso da fara’a, Baffa ya zube masa ƙaiƙayin a kan tebur. Fara’ar ta tafi. Ya rufe ƙofa, ya jawo durowa, ya fito da takardar, ya nuna wurin tawadar.

“Baba, wannan yatsan waye?”

“Nawa ne.”

“To in rufin nan ya faɗo, a kanka zai fara sauka. Ka koma gida ka huta. Baɗi kaya za su shigo, ramin zai cike, babu wanda zai ji.”

Na ce, “Jiya uba, yau kuma abokin sata?”

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce wa Baffa, “Wannan fa?”

Baffa ya ce, “Ita ce ta karanta mini ƙaryarku.”

A bayan littafin rahoton akwai adireshin hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari. Baffa ya faɗa, na rubuta, kwana uku muna yi. Bai ɓoye zancen yatsansa ba, da shi ma ya ce in fara. Malamar ajinmu ta mayar da wasiƙar turanci, muka haɗa da tawa muka aika. Wata biyar babu labari. Sai ga mutane sun zo da motoci, suka rufe sito, suka kwashe littattafan ofis. Aka dakatar da cinikin hannun jarin kamfanin. Injin ya tsaya. Takardunmu masu gefen zinare suka zama abin kunna wuta.

A nan ne garin ya juya masa baya, kuma da laifi biyu. Na farko, shi ya sa aka saya. Na biyu, shi ya kai ƙara ya kashe kamfanin, wai da ya yi shiru da ramin ya cike kowa ya samu nasa. Ku ji fa. Wanda ya gina ɗakin banza da buhuna ba a kai ga ƙofarsa ba, don gidansa yana Kano bayan katanga da ’yan sanda. Wanda ake iya kaiwa gare shi shi ne tsohon da zaurensa ba shi da ƙyaure. Manoma suka daina kawo masa kaya. Ranar kasuwa sai ya shimfiɗa tabarma ya wuni da tiyarsa a kife. Amininsa, wanda aka yi musu kaciya rana ɗaya, wanda ya sayar da gonar gado ya sa a kamfanin, ya daina amsa sallamarsa. In sun haɗu a sahu sai ya canja wuri. Wannan ya fi komai cin Baffa. Ya daina zuwa kasuwa a daminar.

Da aka kira shi Abuja ya ba da shaida, ni na raka shi tare da Yaya, babban ɗansa. Ɗakin sanyi ƙalau, har Baffa ya naɗe ƙafafunsa da rawani. A ɗaya gefen ga shugaban kamfani, ga Manaja, ga akantansu, kowa da lauyoyinsa, suna latsa waya. Lauyan shugaban ya tashi ya ɗaga takardar, tafinta yana juyawa.

“Yatsanka ne?”

“Nawa ne.”

“An tilasta maka?”

“A’a.”

“An ba ka wani abu?”

“An ba ni riga.”

Lauyan ya juya yana murmushi kamar ya kama kifi. Baffa ya ce wa tafinta, “Gaya masa ban gama ba.” Ya sunkuya ya buɗe jakar leda, ya fito da rigar a ninke, ya ɗora a tebur. “Sau ɗaya na sa ta. Ga ta nan, a mayar wa mai ita. Ni na faɗi abin da aka ba ni. Yanzu a tambaye su inda kuɗin mutane suke.” Matar da ke shugabantar zaman ta cire tabarau ta dube shi, ta rubuta wani abu. Na ɗauka a ranar an gama.

Hukuncin ya fito bayan kusan shekara. An same su da laifin ƙirƙiro kaya da riba a takarda don su ja kuɗin jama’a da na banki. An hana su riƙe shugabancin kowane kamfani na wasu shekaru. An ci su tara. An ce an miƙa sauran maganar ga masu gurfanarwa a kotu, kuma daga ranar ban sake jin ɗuriyarta ba. Na sa aka karanta mini hukuncin daga farko har ƙarshe ina neman abu biyu. Na farko, wa zai biya mutane? Tarar asusun gwamnati ta tafi, abin da ya rage na kamfanin kuma banki ya riga kowa. Na biyu, ina aka wanke Baffa? Layi ɗaya ne, wai wani ma’aikacin sayen kaya ya taimaka wa bincike. Ko sunansa babu. Rediyo ta faɗi labarin sau ɗaya da rana, lokacin da kowa yana gona.

Ba na cewa hukumar ba ta yi komai ba. Ta zo, ta bincika, ta kira ƙarya da sunanta, kuma na gode. Amma ina so wanda ya tsara irin wannan hukunci ya zo Sara ya yi mini bayani a gaban matan da suka sa kuɗin adashe. An hana mutum zama shugaba, sai ya sa ƙaninsa a kujera ya koma bayan labule. An ci shi tara, ya biya daga abin da ya sata. Bara na ga shugaban kamfanin a talabijin yana raba buhunan azumi, ana yi masa kirari. A kasuwarmu in aka kama mutum da tiya mai lotsattsen gindi, ranar zai bar rumfa, jikokinsa ma sai sun ji a jikinsu. Wanda ya yi wa ƙananan hukumomi biyu awo da iska kuma an ce ya je ya huta na ’yan shekaru.

Baffa bai taɓa yin irin wannan maganar ba. Abin da ya yi ya fi ba ni haushi. Ya ɗauki sanda ya riƙa bin gida gida yana neman gafara. Wasu suka ce sun yafe, wasu suka bar shi a tsaye a ƙofa. Na same shi na ce, “Baffa, kai da aka cuta kake yawon ba da haƙuri? Kana ƙara tabbatar musu da abin da suke faɗa.”

Ya ce, “Sun saya don sun san ina sokawa. Ranar ban soka ba.”

Wata biyu kafin rasuwarsa ya kira ni da biro da takarda. Ya ce a sayar da fadamarsa bayan ransa, a raba wa waɗanda suka sayi hannun jari saboda shi. Ya jero su da ka, gida gida, har da matan kulle da bai taɓa gani ba. Na rubuta. Sai ya ce, “Sa a sama: bashin da ake bi na.”

Na ajiye biron.

“Ɗauki ki rubuta.”

“Ba zan rubuta ba. In na sa bashi, na sa hannu cewa ka ci kuɗinsu. Ka kira wani.”

“Ni kike gaya wa haka?”

“Kai ka ce bakina na uwata ne.”

Inna tana leƙe daga tsakar gida. Can ya ce, “To bar wurin babu komai. Liman ya cike bayan na tafi. Abin da ya sa, shi ke nan.” Ya karɓi takardar ya sa hannu da ajami, bayan ya sa na karanta masa ita sau biyu. Da zan fita ya ce, “Ke kuma ki yafe wa mutanen kamfanin can. Nauyi ne, kuma kina da hawan jini.”

Ranar addu’ar bakwai, bayan an shafa, Yaya ya miƙa wa Liman takardar a gaban jama’a. Ni ina bayan ƙofar zaure ta cikin gida, inda nake jin komai. Liman ya sa aka karanta, ya ce wurin da aka bari ba ƙaramin wuri ba ne. In bashi ne, mamaci yana rataye da shi, kuma sai an biya kafin magada su taɓa ko allura. In ba bashi ba ne, kyauta ce ya yi wasiyya da ita, kuma fadamar ba ta wuce sulusin abin da ya bari ba, za a zartar. Ko ta wace hanya kuɗin za su isa hannun mutane. Abin da ya rage shi ne a san sunan da za a kira su da shi.

Liman ya ce, “Wanda ya ba marigayi kuɗinsa a hannu, ya tashi.”

Babu wanda ya motsa.

“Wanda marigayi ya ce masa je ka saya, ya tashi.”

Shiru, sai tarin wani tsoho.

“Wanda yake da shaidar cewa ya san abin da ke cikin sito kafin ya dangwala, ko ya ga an ba shi kaso, ya faɗa yanzu, ko ya kama bakinsa har abada. Na ji ana faɗa a gari. Ga wurin faɗa.”

Sai na ji an yi gyaran murya, na gane ta. Amininsa ne.

“Malam, ni ne na fi kowa asara a nan, don haka bari in faɗa. Bai ce in saya ba. Ni na same shi na ce ka saya? Ya ce na saya. Na ce in sayar da gona? Ya ce gona ba abin wasa ba ce, ka yi tunani. Ban yi ba.” Ya juya ga jama’a ya ci gaba. “Shekara huɗu yana mini sallama ina kau da kai, don shi ne kusa. Waɗancan ban san hanyar gidansu ba.”

Liman ya ce a ba shi biro. Ya rubuta, sannan ya ɗaga murya yadda na bayan layi za su ji: “Kyauta ce. Ba a bin sa komai.”

Inna da ke bayana ta zame ta zauna a ƙasa. Sai a lokacin na ga ta yi kuka irin na wadda mijinta ya mutu.

An sayar da fadamar makon jiya. Abin da kowa ya samu bai kai rabin abin da ya sa ba, wasu ko kashi ɗaya cikin huɗu. Sun karɓa, kuma ban ga laifinsu ba, akwai yunwa. Jikokin Baffa ba za su noma tumatir a wurin ba bana, ba kuma za su noma baɗi ba. Gidajen masu kamfanin kuwa ko tubali ɗaya bai ragu ba.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka. Ka san tiyarsa, ka san ranar da kunya ta rinjaye shi, ka san abin da ya biya a kanta. Ka yalwata masa kabari, ka sa ya huta, ka ba Inna haƙuri. Ya umarce ni abubuwa da yawa a rayuwa, na yi masa gardama a wasu, na bi shi a mafi yawa. Na ƙarshen ne ban iya ba. Ya ce in yafe musu. Ban yafe ba, kuma in na mutu a haka, a gaya musu ina jiran su a can.